Ruwan da ya kwana yana zuba a bayan gidanmu

Daren jiya wajen ƙarfe biyu ƙarar ruwa ta tashe ni. Na ɗauka sama ce ta kece, sai da na leƙa ta taga na ga gari garau. Ashe tankin gidan da ke bayanmu ne ya cika yake ambaliya. An kawo wuta cikin dare, injin jan ruwa ya tashi tunda ba a kashe makunninsa ba, mutanen gida kuwa suna ta sharar barci. Ruwa fari tas yana zubowa daga saman bene kamar indararo, yana bin bango yana gangarawa kwata. Na fita na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi, ba wanda ya motsa. Bai tsaya ba sai da aka ɗauke wuta gab da assalatu.

Da gari ya waye na sayi jarka huɗu wajen mai ruwa, kamar kullum. Abin yana ci mini rai har yanzu, shi ya sa na ce bari in yi magana da 'yan'uwana mazauna Legas, musamman mu na Agege.

Wanda ya taso a ƙauyen Katsina irina, ya san jan guga a rijiya mai gaba ashirin, in ya sauka garin nan sai ya ce wahalar ruwa ta ƙare. Ga teku, ga tafki a tsakiyar gari, ga ruwan sama da ke haura milimita 1,500 a shekara. A watan Yuni titi kan koma rafi. Amma sati guda ya isa ya gane cewa duk wannan ruwan kallo ne, na sha sai ka zaro kuɗi.

Kuma ba wai garin bai san famfo ba. Matatar ruwa ta Iju, wadda ke nan kusa da mu, tun 1915 aka buɗe ta, zamanin Gwamna Lugga. Ta Adiyan, mai ɗibar ruwa daga kogin Ogun, an gina ta ne don ta riƙa tace galan miliyan 70 a rana. Alƙaluman da aka daɗe ana ambata su ne, ko da dukkan matatun jihar sun yi aiki iyakar ƙarfinsu, galan miliyan 210 za su bayar a rana, alhali bukatar gari ta kai miliyan 540. Ko rabi bai kai ba, kafin ma a zo maganar rashin wuta da fasassun bututu. Ruwan sha haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ba zan daina faɗa ba. A gidan da nake haya akwai tsohon kan famfo a tsakar gida, ya yi tsatsa, yara na rataya igiyar shanya a jikinsa. Ɗana na fari ya shiga sakandare bai taɓa ganin ɗigo ya fito daga cikinsa ba.

To, wa ke cike wannan giɓin? Mu ne, wato 'yan'uwanmu Hausawa masu sayar da ruwa. Shi ya sa har Bayarabe da Inyamuri in suna neman ruwa, da Hausa suke kira: mai ruwa! Kalmar ta zama ta gari. Ku dubi kurar da suke turawa da kyau. Jarka goma sha biyu, kowace lita 25, lita 300 ke nan, wato nauyin kilo 300, ban da ƙarfen kurar kanta. Buhun shinkafa shida a kan taya biyu, a titin da babu kwalta, cikin taɓo, tsakanin 'yan acaba da motocin danfo. Sannan a ɗauki jarka bibbiyu a hau bene hawa na uku.

Akwai wani dattijo da ke kawo mana, Baba muke ce masa. Rannan da ya juye ruwa a randar roba ya miƙo hannu karɓar kuɗi, na ga tafinsa ya yi kanta kamar ƙirgi, yatsunsa ba sa miƙewa sosai. Na ce, "Baba, ba za a huta ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, in na huta wa zai aika wa yara na masara?" Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 masu rijiyar burtsatse suka ƙara masa kuɗin ɗiba, don janareta suke kunnawa, shi kuma in ya ƙara mana sai mu hau shi da ciniki kamar ya ci amana. Duk kofin ruwan da aka zubar a banza a gidana, daga ƙugun wannan bawan Allah ya fito.

Masu burtsatse kuma su daina ganin kamar sun tsira. Kowane gida ya haƙa tasa, kowa na zuƙa daga ƙasa ɗaya. A yankin Lekki da sauran unguwannin bakin teku ruwan gishiri na kutsawa cikin na ƙasa, wasu rijiyoyin ruwansu ja ne saboda ƙarfe, yana ɓata farin kaya. A unguwanni irin namu masu cunkoso matsalar ta fi muni, don za ka ga ramin masai da rijiya taku kaɗan ne tsakaninsu. Ba mu manta kwalarar da ta ɓarke a watan Yunin 2024 ba, wadda ta fi ƙamari a Tsibirin Legas, ta kuma ci rayuka. Ruwa ya yi haske a ido ba shi ne tsabta ba. Wanda za a sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin tace ruwa, jarkar kuma a riƙa wanke cikinta, don na sha ganin wadda ta yi gansakuka.

Inda abin ya fi ba ni kunya shi ne masallaci. Mu da aka koya wa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya. Mudun nan ko lita ɗaya bai cika ba. Amma je ka wurin alwala ranar Juma'a: mutum ya buɗe famfo iya ƙarfinsa, yana naɗe hannun riga, yana gaisawa da na kusa da shi, yana cire agogo, ruwa na ta tafiya. Wani kan famfon ya lalace wata da watanni, an ɗaure shi da leda da roba yana ɗiga dare da rana, ana ta tara kuɗin sayen sabon kafet. Buta ɗaya tana isar mutum biyu in an so. Na roƙi limamai su sa wannan a huɗuba, na kuma roƙi 'yan kwamiti su fara da gyaran kan famfo.

A gida kuwa matanmu sun riga mu sani, mu ne ba ma lura. Maiɗakina ba ta zubar da ruwan ɗaurayar wanki, da shi ake goge ɗaki a kuma kora bayi. Kwanuka a roba biyu take wanke su, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya. In hadari ya haɗo tana barin ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan ta tara durom a bakin indararo, ta rufe shi ruf saboda sauro. Da damina sai mu yi kwanaki ba mu sayi na wanki ba. Haka na ga mahaifiyata na yi a ƙauye, inda ruwa ke da daraja don an san nisan rijiya.

Yau bayan la'asar na samu mai kula da gidan bayanmu. Na gaya masa akwai 'yar na'ura da ake sa wa tanki, da ya cika sai ta kashe injin da kanta, kowane mai gyaran famfo ya san ta, kuma kuɗinta bai kai na man da suke ƙonawa a wata ba. Ya ce zai gaya wa mai gida. Na karɓi lambarsa, na ce in na sake jin ruwan nan cikin dare zan kira shi, ko ƙarfe nawa ne. Ya ce in kira.