Wayar kawu da katangar da ta ƙare a hanya

Kawu ya sayo wayar shinge mita 60 a babbar kasuwa, zai kewaye lambun zogale a Jiratawa kusa da Maraɗi, murabba'in mita 400, gefe ɗaya katangar maƙwabci ce. Wa za a kira in ba ni mai koyar da lissafi a kwalej ba?

Abin ba wuya. Gefen da ke kallon katanga x, sauran biyun y. Waya ta ba da x + 2y = 60, fili ya ba da xy = 400. Ka fitar da x = 60 − 2y daga ta farko ka zuba a ta biyu, ka raba da 2, sai y² − 30y + 200 = 0 ta fito. Wato y ko 10 ko 20. Amsa biyu: 40 da 10, ko 20 da 20. Duka waya 60 suke ci, duka fili 400 suke bayarwa. Na zaɓi 40 da 10 don ban ruwa ya yi sauƙi. Har na tuna wa ma'aikata in dirka duk mita 2 ce, ramuka 31 za a haƙa, ba 30 ba.

An haƙa, an kafa, an ja waya. Sai ga katangar ta tsaya a mita 25. Wanda ya ce min "doguwa ce sosai" ya san kansa.

Mita 15 a buɗe. Kawu ya taka gurbin a hankali, hannu a baya, ya kai ƙarshe, ya dawo, ya sake takawa. Ma'aikata sun jingina da dagi suna kallo. Kawu ya ce, "Mushe, wanga wuri hwa, x za mu girke ya tsare awaki, ko y?" Bai rufe baki ba wata jar akuya ta ratsa ta tsakaninmu.

Kawu dai babba ne. Ƙanen Hajiya ne ya ƙona min rai, shi da jarrabawar brebe ta kayar sau biyu. Shayi kawai ya zo dafawa, bai taɓa dagi ba, amma shi ne da cewa "ai ni tun farko ashirin-ashirin na gani". Ya ɗauki hoton gurbin ya tura WhatsApp na dangi. Jika biyuna na hannunsa tun sallar layya, wannan lissafin bai taɓa fito masa ba.

An tuge dirkoki an koma 20 da 20. Sai kawu ya tambayi ta inda za a riƙa shiga.