Canza wa fayil suna ba ya canza abin da ke cikinsa

Jiya bayan la'asar wani dattijo ya shigo shagona da filash a hannu, rai a ɓace. Ɗansa ne ya turo masa takardar haya ta imel, abin da ya sauko kuma wani fayil ne wai shi winmail.dat. Kafin ya iso wurina ya biya ta shago biyu. Na farko ya goge .dat ya rubuta .doc, Word ya zazzago masa tarkacen alamomi. Na biyu ya ɗora fayil ɗin a wani shafin intanet mai juya fayiloli kyauta, ya karɓi ɗari biyar, babu abin da ya fito.

Na ce, "Baba, zauna ka huta, bari mu leƙa cikinsa tukuna."

Abin da ke ba ni haushi da 'yan'uwana masu shagon kwamfuta ke nan, ba ma leƙawa. Haruffan nan na ƙarshen sunan fayil tambari ne kawai a bakin buhu. Ka rubuta "shinkafa" a buhun gero, gero za ka tarar. Shi .dat kuwa ba ya ma faɗin komai, kowace manhaja tana iya ajiye kayanta da wannan suna. Wanda ya yi zamanin faifan VCD zai tuna AVSEQ01.DAT, wanda fim ne sukutum, manhajar kallon bidiyo ta VLC na kunna shi har gobe. Ta yaya za ka mayar da fim takarda?

Ni dai nakan fara yin kwafi, sannan na buɗe kwafin da Notepad, manhajar rubutu zalla da ke cikin Windows, na duba farkonsa. In na ga %PDF, to PDF ne. In na ga PK, ƙunshin zip ne, wato fayiloli da aka matse wuri ɗaya, kuma tun Office 2007 fayil ɗin docx kansa zip ne, shi ya sa shi ma da PK yake farawa. JFIF a layin farko hoto ne. Idan rubutu ne zalla, ai ka huta, kwashe shi ka zuba a Word. Na dattijon nan kuwa aikin Outlook ne, manhajar imel ta Microsoft, shi ke naɗe saƙo da abin da aka maƙala masa cikin wani ƙunshi da ba kowace manhajar imel ke iya kwancewa ba. Muka kira ɗan, ya sake turowa ta WhatsApp. Minti biyar.

Mai shago na biyun nan shi ya fi damuna. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum da adireshinsa da lambar asusunsa, ka miƙa wa shafin da ba ka san mai shi ba, don kawai ya rubuta "kyauta"? A watan Maris na 2025 ofishin hukumar binciken laifuka ta FBI na birnin Denver a Amurka ya fito ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara na kafa irin waɗannan shafuka, su juya maka fayil ɗin, su haɗo maka da ƙwayar cutar kwamfuta, su kuma kwashe bayanan da ke ciki. Ba duka ne na ɓarayi ba, na yarda. Amma ni ban iya bambance su da ido ba, kuma takardar ba tawa ba ce.

Sai wata matsala tamu ta masu rubuta Hausa. Fayil zai buɗe lafiya lau, amma ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna da alamar tambaya. Wani lokaci zaɓar UTF-8, wato tsarin karanta haruffa da ya san namu masu lanƙwasa, wajen buɗewa yana dawo da su. Idan kuwa da tsoffin font ɗin Hausa aka buga, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu maɓallai, sai dai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana musanyawa. Na taɓa kwana biyu a kan kundin wani malami saboda haka.

Baba ya tambaye ni kuɗin aiki, na ce na buga takarda kawai zai biya. Ya ce zai koma karɓo ɗari biyar ɗinsa.