Giwan ruwan da bai taɓa ganin Matan Fada ba

Ni mai walda ne a Argungu. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, kurar 'yan garuwa, shekara goma sha ɗaya ina yin su, ba wanda ya taɓa nuna ni da baki. Waya ce ta ja mini. Wani dare ina kwance ina latse-latse a Facebook sai na ci karo da wani bawan Allah da ya haɗa doki sukutum da tsofaffin sassan mota, jama'a sai yabonsa suke. Na ce a raina, wannan ai walda ce aka naɗa wa rawani.

To a Argungu in za ka yi abin nuna wa duniya, ai kifi ne. Tun 1934 da aka shirya bikin su don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin nan ya yi suna da kamun kifi, har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai na ƙudura zan ƙera giwan ruwa, in girke shi bakin kogin Matan Fada ranar biki, baƙi su yi ta ɗaukar hoto, wani babban mutum ya ce a nemo masa wanda ya yi. Har rigar da zan sa ranar na zaɓa.

A tsakar gida na kafa aikin, don shagona bakin titi yake, kuma 'yan gwangwan ko rodi ka jingina ka shiga masallaci, kafin ka sallame ya hau sikeli. Tankin babur na tsaga ya zama kai da baki. Rodi ya zama haƙarƙari, sarƙar babur ta bi gadon baya, fitilun babur biyu suka zama idanu, na haɗa bakin shebur biyu suka ba ni wutsiya mai reshe. Da na ga fuskar ta yi fayau, sai na liƙa masa wayoyin taya shida a matsayin gashin baki, don ya yi kwarjini.

Ɓawon jiki ne ya tsaya mini. Na gwada gwangwanin madara, wuta na taɓa shi sai ya huje kamar takarda. Ina zaune ina tunani sai idona ya faɗa kan jeren uwargida, kwanonin samira reras, murafensu zagaye, masu sheƙi, kai ka ce don kifina aka yi su. Ita kuwa ta tafi biki Birnin Kebbi, kwana uku. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba.

Goma sha huɗu na ɗauka. Uku na farko na kai musu wuta, fentin ya tsattsage ya yi baƙi ƙirin. Na koma kan murfin tukunyar alminiyam, alhali na fi kowa sanin alminiyam ba ya kama ƙarfe da irin waldarmu, ya narke ya zuba mini a takalmi. Sauran dai huda su na yi na ɗaure da waya, ko iska ta kaɗa sai ka ji kifin yana kacau-kacau kamar amarya ta sha awarwaro.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zagaya abin sau ɗaya, ta taɓa wani murfi mai fure ja, ta ce, "Maigida, wanga na Innata na, da shi anka kawo ni." Ta shige ɗaki. Tun daga ranar tuwon shinkafata a buɗe yake zuwa, ni da ƙudaje mu yi rige-rige. Na yi magana sau ɗaya, ta ce murfin yana can jikin kifi, in na so in ɗauki tuwon in bi shi.

Na ce bari in kawo masani ya wanke ni. Na je na ɗauko Kawu, wanda tun kafin a haife ni yake faɗawa ruwa da homa da gora. Ya tsaya ya dogara sanda, ya dubi kai, ya dubi wutsiya, ya daɗe bai ce uffan ba.

"Ɗana, mi na wanga?"

"Giwan ruwa ne, Kawu."

"Giwan ruwa da gashin baki? Tarwaɗa ka da gashin baki. Kuma wutsiyar giwan ruwa a zagaye take, ba ta rabe biyu ba." Ya sake leƙa fitilun. "Idanun ko na kwaɗo na. Ni dai da na kamo wanga cikin homa, sakin homar nike in yi ta kaina."

Yaran unguwa da suka cika zaure suka ɗauka. Wani ya ce kada ne, wani ya ce jirgin yaƙi. Wata 'yar ƙarama ta ce aljanin ruwa ne, ta fashe da kuka, aka fitar da ita.

Magana ta kai kunnen limamin unguwarmu, cewa ina ƙera mutum-mutumin abu mai rai a gida. Bayan la'asar ya yi sallama, fuskar nan a ɗaure, gabana na faɗuwa. Ya gyara tabarau, ya zagaya abin a tsanake har sau biyu, sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. An ce mini ka yi surar abu mai rai. Ni dai iya sanina, ban ga halittar da wannan ya yi kama da ita ba." Wallahi na so a ce wa'azin ya yi mini.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce baƙi daga nesa ba su san giwan ruwa kamar Kawu ba. Ana saura kwana biyu biki na kira matasa huɗu da mai kura. Muka cicciɓe shi da ƙyar, muka nufi zaure, kai ya shiga, ciki ya ce bai san zance ba. Muka karkata shi, muka miƙar da shi tsaye, shebur ɗaya ya kwashe farar bango, murafe uku suka gangara waje. Ƙofar kuwa ni na yi ta da hannuna, ni na gwada faɗinta da tef, amma wata guda ina aikin kifi ban taɓa ɗora masa tef ɗin ba. Haka ya maƙale, kai a zaure, wutsiya a tsakar gida, har magariba. Ta katangar maƙwabci na fita salla.

Washegari na yanka shi uku da hannuna. Kafin in gama, uwargida ta riga ta aika an kira mai gwangwan. Ya zo da sikelinsa da mayen ƙarfe, yana manna shi jikin kowane yanki, abin da ya kama ya jefa nan, abin da bai kama ba ya ware can. Ya haɗa lissafi ya ce kilo tamanin da ɗaya.

Na miƙe tsaye. Na ce jama'a ku shaida, kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, nawa ya ɗara shi da uku. Ba wanda ya tafa. Mai gwangwan ya ƙirgo kuɗi, na miƙa hannu, hannun uwargida ya riga nawa. Ta lissafa, ta ce na murafe tara ne, saura biyar tana bi na.

Kan ne kawai na hana a sayar. Yana nan bayan ɗakin girki, baki buɗe, gashin baki a miƙe, kuma wata kazar uwargida ta mai da shi akurki. Jiya na leƙa na ga ƙwai bakwai, na ce ko ɗaya ba za a ba mai gini ba? Ta ce a cire a cikin biyar ɗin.