Kafin a gama yanka gonakin kewayen Kano

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Gwarzo ko ta Haɗeja daga Kano a 'yan shekarun nan ya ga yadda bulo yake korar dawa da gero. A Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, gonar da aka girbe bara, bana an kafa mata turaku an yanka ta fuloti-fuloti, sau da yawa ta hanyar da Kanawa ke kira awon igiya, inda dillali da mai gona suke aunawa da kansu ba tare da sun bar titi mai faɗi ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Ba na cikin masu cewa birni ya daina faɗaɗa, domin jama'a na ƙaruwa kuma kowa na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ci gaba da yanka ƙasa kafin a zauna a rubuta abin da ake yi da ita a yau.

Mai zanen taswira a ofis yakan ɗauki gona a matsayin fili da ke jiran gini, alhali ƙasar kewayen Kano aikin hannu ce. Shekaru aru-aru manoma suna kai mata taki, jakuna suna shiga birni da itace su fito da toka da shara, Fulani suna sauka da shanunsu bayan kaka su ci kara su bar kashi. Da haka ne ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo waɗanda ba a bar su a banza ba. Masanin nan na Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki saboda yadda ya ciyar da ɗimbin jama'a ba tare da ƙasarsa ta mutu ba. Irin wannan ƙasa idan aka zuba mata siminti, kuɗin diyya ba ya sayen kamarta a wani wuri.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon ayyana inda yake birni. Abin da ya rage na karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansa, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, kuma dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ke nan hurumin yana nan, aiki da shi ne ya yi ƙaranci. Babban raunin dokar yana wajen diyya, domin idan gwamnati ta karɓi gona, amfanin da ke kai da bishiyoyi da gine-gine ake ƙiyastawa, ba darajar ƙasar kanta ba. Manomin da ya san haka, da ya ji raɗe-raɗin cewa aiki na tafe, gara masa ya riga hukuma ya sayar wa dillali. Mu daina zarginsa da kwaɗayi, lissafi ya yi.

Don haka ina ganin aikin farko shi ne ƙirga abin da ke ƙasa, ƙauye bayan ƙauye, tare da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san iyakar kowace gona: ina ne fadama, ina ne burtali da mashaya da makiyaya, ina ne maƙabarta, ina ne fako da tsakuwa da ba sa ba da amfani sosai. Daga nan sai a karkatar da sabbin unguwanni zuwa ƙasa marar ƙarfi, a fitar musu da tituna kafin a kafa tubalin farko.

Akwai kuma wuraren da bai kamata ma a yi ciniki a kansu ba. Filayen noman rani na Kura da Garun Malam da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, dukiyar jama'a aka kashe wajen haƙa musu magudanan ruwa, kuma shinkafa da tumatir da alkama da ke fitowa daga can suna ciyar da mutane har wajen jihar. Ya kamata majalisar dokokin jiha ta shata musu iyaka a rubuce, ta haramta canza su zuwa gidaje ko gidajen mai, ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomin uku alhakin sa ido, tun kafin turakun dillalai su iso bakin magudanan.