Haddar A, B, C, D ba za ta ci wa yaranmu lissafi ba

Tun da aka fara maganar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, wata sabuwar fatawa ta ɓulla a ajujuwan lesin na garuruwanmu, daga Rano har Ringim: wai zamanin nuna hanya a lissafi ya wuce, tunda na'ura harafi kawai take karɓa. Sai ka ga malami ya tara 'yan aji shida bayan la'asar, ya buɗe littafin tambayoyin shekarun baya, yana karantowa suna rubutawa: ta ɗaya C, ta biyu A, ta uku D. Kafin magariba an gama tambayoyin shekara biyu. Uba ya sayar da riɗi ya biya kuɗin lesin, yaro ya koma gida bai warware ko tambaya ɗaya da hannunsa ba. Wannan cuta ce, kuma masu yin ta sun san cuta ce.

Masu wannan fatawa suna yi kamar ba su taɓa ganin takardar jarrabawar ba. Lissafin gama-gari na WAEC takarda biyu ce. Ta farko tambayoyin zaɓi ne guda 50, maki 50, cikin sa'a ɗaya da rabi. Ta biyu, wadda yara ke kira tiyori, maki 100 ce cikin sa'a biyu da rabi: tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sannan a zaɓi biyar cikin takwas masu maki 60. Ko a 2024 da WAEC ta fara amfani da kwamfuta ga masu zana jarrabawa a kan kansu, ɓangaren tiyori da biro aka amsa shi a kan takarda. Mai makin takarda kuwa yana da jadawali a gabansa da ya yanka kowace tambaya gunduwa-gunduwa. Akwai makin hanya mai alamar M, akwai makin daidaiton amsa mai alamar A, kuma na biyun yana rataye ne a wuyan na farko. Yaron da ya rubuta ƙa'ida daidai, ya zuba lambobinsa daidai, sannan ya yi tuntuɓe a tarawar ƙarshe, zai kwashi mafi yawan makinsa. Wanda ya dangwala amsa tsirara ba tare da ko layi ɗaya na aiki ba, ya yi asarar makin hanya, kuma ya jawo wa kansa zargin satar amsa.

A ɗauki tambayar da kusan ba ta fashi: 2x² − 5x − 3 = 0. A nan a = 2, b = −5, c = −3. Ƙa'idar warware irin wannan tambaya tana neman b² − 4ac. Yaro ya ɗauki kalkuleta ya danna −5², sai ta ba shi −25, domin na'urar tana ninka biyar ɗin ne da kanta tukuna, sannan ta manna alamar ɗebewa. Ya haɗa da 24, ya sami −1, ya nemi sukwaya rut, kalkuleta ta ce ba ta san zancen ba. Nan yake ajiye biro ya ce tambayar ce ba daidai ba. Maganin bai wuce baka biyu ba: (−5)² shi ne 25, sai 25 + 24 = 49, sukwaya rut 7. Sannan −b ya zama +5, wani ramin da yara ke aukawa. Saboda haka x = (5 + 7) ÷ 4 = 3, ko x = (5 − 7) ÷ 4 = −½. A mayar da 3 cikin tambayar a gani: 18 − 15 − 3 = 0. Wannan gwajin daƙiƙa goma yake ci. Wane littafin haruffa ne zai nuna wa yaro cewa baka biyu ce ta kayar da shi?

Beyarin, wato auna alƙiblar tafiya da digiri daga arewa, ya fi wannan tona asiri. Mutum ya tashi daga ƙauye P ya yi tafiyar kilomita 8 a kan 060° zuwa Q, daga nan ya yi kilomita 5 a kan 180° zuwa R. Ana neman nisan P zuwa R. Duk aikin yana cikin zane. A ja layin arewa a P, a sake jan wani a Q, domin kowace tafiya daga arewar inda aka tsaya ake auna ta, ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Daga Q, idan ka waiwaya P, beyarin ɗin 240° ne, wato 60 a tara da 180. Hanyar R kuma 180° ce. Kusurwar da ke cikin alwatikar a Q ta zama 240 − 180 = 60°. Sai ƙa'idar kosain: PR² = 64 + 25 − 2(8)(5) cos 60° = 89 − 40 = 49, nisan kilomita 7.

Yanzu a dubi ta inda ake faɗuwa. Wanda bai yi zane ba yakan ɗebe 60 daga 180 ya ɗauki 120°, ya ƙare da 11.4. Wanda ya yi gaggawa yakan ɗebe 80 daga 89 tukuna, ya sami 9, sannan ya ninka da rabi, ya ƙare da 2.1, alhali ninkawa ce ke gaba da ɗebewa. Wanda ya ari kalkuletar wansa ranar jarrabawa, an bar ta a kan R (ma'aunin radiyan) maimakon D (digiri), zai sami 12.9 kuma bai san abin da ya same shi ba. Masu tsara tambayoyin zaɓi sun san waɗannan kurakurai sarai, daga cikinsu suke ƙera amsoshin bogi. Shi ya sa yaro yake fitowa daga ɗakin jarrabawa yana murna wai duk abin da ya lissafa ya gan shi cikin zaɓin, sakamako ya fito da F9. To ko da gobe an mayar da komai kan kwamfuta, da me zai bambance 7 da 11.4 in ba da zane a kan takardar gwaji ba? Kuma a shekara mai zuwa 8 da 5 za su koma 12 da 9, C ta koma A, hadda ta tashi a banza.

Za a ce ai babu malaman lissafi a karkara. Gaskiya ne akwai ƙaranci, amma wanda yake karanto haruffan nan malami ne, kuma sa'a biyun da ya ɓata tana hannunsa. Masu cewa ɗan ƙauye ba shi da kan lissafi kuwa, su je su tambayi inda makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu suka riƙa samo yaran da suka zama likitoci da injiniyoyi tun daga 1977.

Maganar Turanci ce kaɗai take da ɗan nauyi, ita ma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. Ka ce wa yaron da ke taya mahaifiyarsa awo: kwano 3 na gero da 2 na dawa Naira 8,400, kwano 2 na gero da 5 na dawa Naira 11,100, nawa ne kowane kwano? Zai fara juya abin a kansa nan take. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa abin da yake juyawa shi ne 3x + 2y = 8,400 da 2x + 5y = 11,100. A ninka na farko da 2, na biyu da 3, har da lambar da ke bayan alamar daidai, wadda yara ke yawan mantawa da ita. A ɗebe, a sami 11y = 16,500. Dawa 1,500, gero 1,800. A yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan a kawo tambayar da Turancinta a ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke ɗauke da umarni. Kalmomin nan ba su da yawa, su ne dai suke dawowa kowace shekara. Yaron da bai san bambancin a taƙaita amsa zuwa gurbi biyu bayan ɗigo da a taƙaita ta zuwa muhimman lambobi uku ba, zai yi aiki mai kyau ya zubar da makin ƙarshe. Haka wanda ya datse lamba tun a tsakiyar aiki, ya mai da 0.8660 ta zama 0.9, ko ya bar amsa babu kilomita babu Naira.

Abin da ya fi ciwo shi ne WAEC ba ta ɓoye komai ba. Rahoton manyan masu makinta yana fita bayan jarrabawa, yana kan intanet, kuma kusan kuka ɗaya yake maimaitawa: tambayoyin zube da ake kawowa cikin labari, ƙa'idojin da'ira, beyarin, datse lamba da wuri, rashin bin umarni. Malamin da ke da wayar da yake turo wa yara amsoshi ta WhatsApp yana da wayar da zai karanta wannan rahoto. Akwai yaran da ranar jarrabawa suke fara riƙe kwamfas, su yi zanen kusurwa da kyar, sannan su sa abin gogewa su share 'yan layukan da kwamfas ya bari don aikin ya yi tsabta, ba su san waɗannan layukan ne ake ba maki ba. Wanda ya karɓi kuɗin lesin bai gaya musu wannan ba, me ya sayar wa iyayensu?

Tambaya biyar a rana, a warware su layi bayan layi a kan allo, yaro ya fito ya riƙe alli, 'yan ajin su nemo inda ya kauce: wannan ya fi shekara goma ta haruffa. Shugabannin makarantu su leƙa ajin lesin da ake yi a harabarsu da yamma. Ma'aikatun ilimi na Kano da Jigawa kuma, tunda suna yi wa 'yan aji biyar jarrabawar kwalifayin kafin a biya musu kuɗin jarrabawar fita, su riƙa mayar wa makarantu takardun lissafin da aka maka, kowane yaro ya ga layin da jan biro ya tsaya a kai tun da sauran shekara guda a gabansa.