Rikicin Kyuba na 1962: ciniki ne ya kashe wutar, amma aka ɓoye wa duniya

Duk wanda ya tashi da sauraren rediyo ya san labarin yadda aka saba bayar da shi. Tarayyar Sobiyet ta kai makamai masu linzami Kyuba, Shugaba John Kennedy na Amurka ya tsaya ƙyam, shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya ji tsoro ya kwashe kayansa. Labarin yana da daɗin faɗa, shi ya sa ya daɗe. Sai dai takardun da ɓangarorin biyu suka buɗe bayan ƙarshen Yaƙin Cacar Baka sun nuna cewa ciniki aka yi, kowa ya bayar ya karɓa, sannan aka yi alkawarin rufe baki a kan rabin cinikin. A ganina wannan rufe bakin ya yi ɓarna mai yawa, domin ya koya wa 'yan siyasar da suka biyo baya darasin da ba shi ne ba.

Khrushchev bai farka da safe ya ce bari ya tsokani Amurka ba. A watan Afrilun 1961 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta tura 'yan gudun hijirar Kyuba su kifar da jagoran ƙasar Fidel Castro, harin ya watse cikin kwana uku, kuma babu wanda ya yarda a Habana ko Mosko cewa an haƙura ke nan. Ga kuma lissafin makamai: Amurka ta yi wa Sobiyet fintinkau a yawan kawunan nukiliya da jiragen da ke ɗaukar su, makaman Sobiyet da za su iya isa Amurka daga gida kuwa 'yan gomomi ne. Abin da Mosko take da shi da yawa shi ne masu matsakaicin zango irin R-12, mai tafiyar kilomita 2,000 ko sama da haka kaɗan. Daga Rasha ba ya kai wa Amurka. Daga Kyuba, wadda kilomita 150 ne kawai tsakaninta da Florida, yana kai wa Washington. Abu na uku shi ne makaman Jupiter da Amurka ta girke a ƙasashen NATO, 30 a Italiya, 15 a Turkiyya kusa da Izmir, a bakin ƙofar Sobiyet. Khrushchev ya ga ramuwar gayya ce kawai yake yi.

Kuskurensa shi ne ɓoyewa da ƙarya. Amurka ta girke nata a bainar jama'a bisa yarjejeniya da Turkiyya. Shi kuwa ya loda sojoji sama da 40,000 da makamai a jiragen dakon kaya a asirce, har ministansa na harkokin waje Andrei Gromyko ya zauna a gaban Kennedy ranar 18 ga Oktoba yana cewa taimakon da suke ba Kyuba na kare kai ne, alhali hotunan da jirgin leƙen asiri U-2 ya ɗauko ranar 14 ga wata suna cikin ofishin. Da ƙaryar ta fito fili, sai Sobiyet ta rasa masu tsaya mata. Ko a Afirka ta Yamma abin ya nuna: Gini ta Sekou Toure, wadda ake gani tana ɗasawa da Mosko, da Senegal ta Senghor, duk sun ƙi yarda jiragen saman Sobiyet masu zuwa Kyuba su sauka a Konakiri ko Dakar su sha mai.

Matakin da Kennedy ya sanar ranar 22 ga Oktoba yana da dabara a cikin sunansa. A dokar ƙasa da ƙasa, yi wa ƙasa ƙawanya ta ruwa tamkar shelanta yaƙi ne, don haka aka kira shi killacewa, irin wadda ake yi saboda annoba, aka kuma taƙaita shi ga makaman kai hari. An fara tunanin ja layin a mil 800 daga Kyuba, jakadan Birtaniya David Ormsby-Gore ya ba da shawarar a matso da shi, aka mayar mil 500, don jiragen Sobiyet su ƙara samun sa'o'i kafin su iso, Mosko kuma ta samu lokacin tunani. Tankar mai ta Sobiyet mai suna Bucharest an bar ta ta wuce. Jirgin farko da sojojin ruwan Amurka suka hau suka bincika, Marucla, ranar 26 ga wata, mai rajistar Labanon ne da Sobiyet ta yi haya, an zaɓe shi ne da gangan don a nuna da gaske ake ba tare da an taɓa jirgi mai tutar Sobiyet ba. Maganar da ta shahara cewa jiragen ɓangarorin biyu sun yi ido da ido a kan layin sannan na Sobiyet suka juya, ba haka ta faru ba. Masu ɗauke da makaman sun riga sun juya tun kafin killacewar ta fara aiki ranar 24 ga wata, suna nesa da ɗaruruwan mil.

Inda abin ya kusa ƙwacewa shi ne wajen isar da saƙo. Ranar Juma'a 26 ga Oktoba Khrushchev ya rubuta doguwar wasiƙa mai sassauci: idan Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, buƙatar makaman ta kau. An kai ta ofishin jakadancin Amurka a Mosko, aka fassara, aka mayar da ita rubutun sirri, aka aika ta wayar tangaraho kashi-kashi, a Washington aka warware aka sake bugawa. Ta ci kusan awa 12 a hanya. A ɗaya ɓangaren ma haka: jakadan Sobiyet a Washington, Anatoly Dobrynin, ya ba da labarin cewa idan ya gama rubuta rahoto, masinjan kamfanin Western Union ne ke zuwa a kan keke ya karɓa, su kuma su bi shi da kallo suna fatan kada ya tsaya hira a hanya. Makami mai linzami daga Kyuba mintoci kaɗan yake buƙata. Kafin Amurka ta amsa wasiƙar farko, ta biyu ta fito a Rediyon Mosko ranar Asabar da safe, da ƙarin sharaɗi: a cire makaman Turkiyya.

Asabar ɗin nan, 27 ga Oktoba, ita ce ranar da ta fi nuna cewa shugabannin biyu ba su riƙe da linzamin kamar yadda suke zato. Kwamandojin Sobiyet a Kyuba sun harbo U-2 suka kashe matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ba tare da umarnin Mosko ba. Wani U-2 ɗin, da ya je ɗebo samfurin iska a kusa da ƙurewar arewacin duniya, ya ɓace hanya ya faɗa sararin samaniyar Sobiyet ta yankin Chukotka, jiragen yaƙi suka tashi daga ɓangarorin biyu. A cikin teku kuma jiragen Amurka suna jefa wa jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet B-59 ƙananan nakiyoyin gargaɗi don ya taso. Amurka ta sanar da Mosko ma'anar wannan alama, amma saƙon bai kai ga ma'aikatan jirgin ba, batirinsu ya yi ƙasa, zafi ya gallabe su, kuma suna ɗauke da makamin nukiliya wanda Amurkawa ba su san da shi ba. Bisa shaidar wani jami'i da ke ciki, kyaftin ɗin ya fusata har ya yi maganar harbawa, wani babban jami'i a jirgin, Vasily Arkhipov, ya lallashe shi suka taso sama.

Manyan hafsoshin Amurka a wannan rana suna neman a kai hari, da shirin tashin jiragen yaƙi sama da 1,000 a ranar farko, mamaya ta biyo baya. CIA ta ƙiyasta sojojin Sobiyet a tsibirin kusan 10,000 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na gaskiya. Ba ta kuma san akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga kusan 100 ba, wasunsu an riga an matsar da su an auna sansanin Amurka na Guantanamo. Sai a taron Habana na 1992 Janar Anatoly Gribkov na Sobiyet ya fara fasa wannan ƙwai a gaban Robert McNamara, wanda shi ne sakataren tsaro a lokacin rikicin. Castro kuwa ya riga ya aika wa Khrushchev cewa idan Amurka ta mamaye Kyuba, kada Sobiyet ta bari a riga ta harba nukiliya, wasiƙar da ta ƙara tsorata Khrushchev maimakon ta zuga shi.

Ga yadda aka ƙulla cinikin. A fili, Kennedy ya amsa wasiƙar Juma'a ya yi kamar bai ga ta Asabar ba: ku kwashe makamai ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya, mu janye killacewa mu yi alkawarin ba za mu mamaye ba. A bayan fage, bayan ganawar mutum tara kacal a ofishin shugaban ƙasa, ya tura ƙaninsa Robert Kennedy ya gana da Dobrynin a daren. Saƙon shi ne makaman Turkiyya za su fita cikin wata huɗu zuwa biyar, amma idan Mosko ta faɗa wa duniya, magana ta mutu. Washegari Lahadi Khrushchev ya amince, kuma don gudun jinkirin tangaraho ya sa aka karanta amsar a Rediyon Mosko. Da ya aiko da wasiƙa yana zayyana batun Turkiyya a rubuce, Robert Kennedy ya mayar wa Dobrynin ita. A watan Afrilun 1963 aka kwashe makaman Jupiter.

Ta fuskar soja Amurka ba ta yi asarar komai ba. Jupiter tsohon yayi ne tun ranar da aka girke shi: yana tsaye a fili, yana amfani da mai na ruwa da ke cin lokaci kafin a shirya shi, harbi kaɗan zai lalata shi, kuma jiragen ƙarƙashin ruwa masu makaman Polaris sun maye gurbinsa a tekun Bahar Rum. Amfaninsa a cinikin shi ne rufin asiri, abin da Khrushchev zai nuna wa abokan mulkinsa ya ce bai fito hannu rabbana ba. Kuma akwai hujja mai ƙarfi ta ɓoyewar: da an ji Amurka ta musanya tsaron Turkiyya da nata, da NATO ta girgiza, ga zaɓen majalisa a Amurka ranar 6 ga Nuwamba. Ban raina wannan hujja ba. Ta wadatar ga watanni shida. Ba ta wadatar ga shekara 26 ba, domin sai a taron Mosko na 1989 Theodore Sorensen, mai rubuta wa Kennedy jawabai, ya amsa cewa shi ya gyara bayanan Robert Kennedy kafin a buga su don kada cinikin ya bayyana. Kafin nan manyan jami'ai sun musanta shi a gaban majalisar dokoki.

Kowa ya biya kuɗin wannan shiru. Khrushchev ya fito a matsayin wanda aka kora da tsawa, Sin ta yi masa dariya, Castro ya fusata don ba a shawarce shi ba har ya hana masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, sai a teku aka riƙa yaye tamfol ana ƙirga makaman a kan jirage. A Oktoban 1964 aka tuɓe Khrushchev, magadansa suka duƙufa ƙera makamai har suka kamo Amurka a farkon shekarun 1970. A Washington kuma mataimakin Kennedy, Lyndon Johnson, wanda ba ya cikin mutum taran nan, ya gaji mulki da imanin cewa matsin lamba sannu a hankali ba tare da sassauci ba shi ne ya durƙusar da Mosko. Ba zan ce wannan kaɗai ya jefa Amurka cikin Biyetnam ba, amma wanda ya duba yadda aka tsara ruwan bama-baman 1965 a kan Biyetnam ta Arewa, ana ƙarawa mataki-mataki ana jiran Hanoi ta sare, zai ga kamannin.

Darasin jinkirin saƙo kam an ɗauke shi nan take. Ranar 20 ga Yunin 1963 aka sa hannu a Geneva kan layin kai-tsaye tsakanin Washington da Mosko, ya fara aiki 30 ga Agusta. Jan tarho da ake nunawa a finafinai bai taɓa kasancewa ba. Na'urar buga rubutu ce mai kama da tafireta, kuma da gangan aka guji murya, saboda mai magana cikin fushi yana faɗin abin da mai rubutu zai goge, tafinta kuma yana iya kuskure. Kowane ɓangare yana aikawa da harshensa, mai karɓa ya fassara. Wayar ta bi ta Landan, Kopenhagen, Stockholm da Helsinki, da layin rediyo na ko-ta-kwana ta Tanja a Maroko. Amfanin na biyun ya fito, domin an taɓa samun manomi a Finland ya tsinke wayar da garma. Ana gwada layin kowace awa da rubutun da ba ruwansa da siyasa. An fara amfani da shi sosai a yaƙin kwana shida na Yunin 1967, tsakanin firimiyan Sobiyet Alexei Kosygin da Johnson. Tauraron ɗan'adam ya shigo a 1978, imel a 2008.

Sauran abin da ya biyo baya duk ciniki ne, amma wanda aka rubuta aka sa hannu: hana gwajin nukiliya a iska da ruwa da sararin samaniya a 1963, taƙaita makaman kakkaɓo masu linzami a 1972, da yarjejeniyar 1987 tsakanin Reagan da Gorbachev wadda ta rusa masu zangon kilomita 500 zuwa 5,500 da ake harbawa daga ƙasa, wato dangin R-12 da Jupiter ɗin da suka haddasa fitinar. Amurka ta fice daga ta 1972 a 2002, ta 1987 ta mutu a 2019. Yarjejeniyar New START ta 2010 ta ƙayyade wa kowane ɓangare kawunan nukiliya 1,550 da ke girke, tare da damar zuwa bincike sau 18 a shekara. An dakatar da binciken a 2020 saboda annobar korona, kuma kafin a dawo da shi Rasha ta jingine yarjejeniyar a Fabrairun 2023.