Kogon tarihi ba ya jure numfashinmu, balle hannunmu

Jama'a, akwai wani ƙorafi da nake yawan ji daga bakin waɗanda suka je yawon buɗe ido kogunan dutse masu tarihi. Wai an cika musu dokoki: kar a taɓa bango, kar a kunna filashi, kar a wuce igiya, kar a shiga da abinci. Wasu ma sun ce sun sha doguwar tafiya, ƙarshenta kwafin kogon aka nuna musu, na ainihin yana kulle. Na fahimci zafin da suke ji, amma a wannan magana ina tare da masu kullewar.

Ku dubi kogon Lasko na ƙasar Faransa. Wasu samari huɗu ne suka gano shi a 1940, bangonsa cike da zanen dawakai da bijimai da barewa, waɗanda aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. A 1948 aka buɗe shi ga jama'a, har ta kai mutum kusan 1,200 ke shiga a rana. Ba wanda ya je da niyyar ɓarna, kallo kawai suka je yi. Amma kowa ya shiga da ɗumin jikinsa da danshin numfashinsa, ga ƙwayoyin da ke manne a takalmi. Sai gansakuka ta fara bin bango, wani farin ɓawo kuma ya soma rufe zanen. A 1963 gwamnati ta rufe kogon. Abin da ya yi shekara dubu goma sha bakwai lafiya lau a cikin duhu, shekara 15 kacal ya yi a hannun 'yan kallo ya kama ciwo. A 1983 aka buɗe kwafinsa nan kusa da shi, can aka koma kai baƙi. Da aka gano kogon Shobe, wani kogon mai zane a Faransa, a 1994, ba a ma fara buɗe wa jama'a ba, don an riga an ga abin da ya faru.

Dalilin shi ne, kogo wuri ne da yanayinsa kusan ba ya canzawa. Da ka sa ƙafa ciki za ka ji sanyi ya dake ka a fuska, ko da waje ana zabga rana, kuma haka sanyin yake rani da damina. Can ciki ba abin da kake ji sai ɗigar ruwa daga sama. Wannan ɗigon shi ne maginin wurin: kowane ɗigo yana barin ɗan ɓurɓushin dutsen da ya narke a cikinsa, a hankali har tsini ya sauko daga rufi, wani ya taso daga ƙasa. Tsinin da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya cin ɗaruruwan shekaru. Yana sheƙi, jiƙe sharkaf, kuma wallahi hannu da kansa yake miƙewa zuwa gare shi. To maiƙon da ke tafin hannun nan yana manne wa dutsen, ya sa shi baƙi, ya hana sabon ɓurɓushi zama a wurin. Kai kana ganin sau ɗaya ka taɓa, ka manta dubban mutane ne ke bin wannan hanya bayanka, kowa da irin tunaninka.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai rubuta sunansa. Mutum ya tsaya gaban bangon da ya girmi duk wani gari da ya sani, ya zaro makulli ya kankare sunansa da kwanan wata. Wa ya tambaye shi?

Ban ce a rufe kowane kogo ba. Da yawa a buɗe suke, akwai mutanen da abincinsu ke nan, jagorori da masu gadi, kuma wanda bai taɓa shiga ya gani da idonsa ba da wuya ya damu da kare wurin. Ku je, ku kai yara. Sai dai a bar masu kula da wurin su ƙayyade adadi. A kogon Altamira na ƙasar Sifen, bayan rufewar 2002, da aka dawo da ziyara mutum biyar kawai aka yarje wa shiga a mako, su ma na minti 37, sanye da tufafi na musamman. Sauran jama'a kwafi suke kallo, kuma hakan ya yi min daidai.

Sannan kogo gidan wasu ne. A 2006 aka fara ganin wata cutar fumfuna a jikin jemagu a jihar New York, ta kuma kashe miliyoyinsu a Arewacin Amurka. Ƙwayar tana iya bin takalmi da kaya daga wannan kogo zuwa wancan. Shi ya sa a kogon Mammoth na jihar Kentucky ake sa baƙi su taka wani shimfiɗi mai ruwan wanki idan sun fito, wasu wuraren kuma su tambaye ka ko ka taɓa shiga wani kogo da kayan da ke jikinka. In aka yi maka wannan tambaya, ɗan'uwa, ka faɗi gaskiya, ko da za a ce sai ka canza takalmi.